CACAR KARTA A WAYAR HANNU: IDAN ASARA TA JERU, INA MAFITA?

Duk mai zama a majalisun ataya na zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san cewa caca ta daɗe da barin bayan kasuwa ta koma cikin aljihun samari. A da, mai son yin karta ta kuɗi sai ya nemi lungu, yana yi yana waige-waige kada wani dattijo ya hango shi. Yau kuwa yaro yana iya zama a kan benci ɗaya da mahaifinsa, yana latsa waya, kuɗin cefanen mako yana zurarewa, ba wanda ya sani. Tun bayan da aka kawo hidimar aika kuɗi ta waya a ƙasar nan a shekarar 2009, wadda kowa yake kira MoMo, sannu a hankali zuba kuɗi a wurin caca ya zama aikin minti ɗaya.

Cacar ƙwallon ƙafa ita ce aka fi sani. Irin saiwar da ta yi a ƙasa ta fito fili lokacin da gwamnati ta fara cire harajin kashi 10 cikin 100 daga abin da 'yan caca suka ci, a watan Agusta na 2023. Samari suka yi ta ƙorafi, har manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu a zaɓen 2024 suka yi alkawarin soke harajin, aka kuwa soke shi a watan Afrilu na 2025. To, ban da ta ƙwallo, akwai wata cacar da muka fara jin sunanta a bakin wasu daga cikin yaranmu, musamman waɗanda suka ɗan yi nisa a boko. Ita ce kartar Turawa da ake kira foka, wadda ake shirya gasarta a intanet dare da rana. Kuɗin shiga ƙanƙane ne, dala ɗaya ko biyu, wani lokaci ma bai kai ba. Masu yin ta suna cewa tasu ta bambanta da sauran, wai wasa ne na ƙwaƙwalwa da lissafi. Amma kukan da muke ji daga wajensu iri ɗaya ne: "Yau mako uku ke nan ban ci ko kwabo ba, amma na san ta kusa juyawa."

Wannan magana ta "ta kusa juyawa" ita ce dalilin wannan rubutu. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, malamanmu kuma suna ta bayani a kan mumbari. Mu malaman makaranta namu shi ne allo da alli. Don haka za mu bi ta hanyar lissafin da su samarin suke taƙama da shi, mu ga abin da yake cewa game da mutumin da asara ta jeru masa, da kuma abin da ya kamata ya yi.

YADDA GASAR TAKE

Don amfanin iyaye da sauran masu karatu da ba su san wasan ba, ga shi a taƙaice. Da karta 52 ake yi. A samfurin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira Texas Hold'em, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sa'an nan a buɗe guda biyar a tsakiya a hankali, ana zuba kuɗi tsakanin buɗewa da buɗewa. Wanda haɗinsa ya fi ƙarfi shi ne ya ci, ko kuma wanda ya tsorata sauran har suka janye. A gasa, kowa yana biyan kuɗin shiga, a ba shi tsabar wasa daidai da ta kowa. Wanda tsabarsa ta ƙare ya fita ke nan. Akwai kuma zubin dole da ake ƙara yawansa bayan 'yan mintoci, saboda haka ba wanda zai iya naɗe hannu yana jiran kati mai kyau har abada. Gasa mai mutum dubu takan ci awa biyar ko shida, ko ma fiye.

Abin da ya cika duniya da wannan wasa labarin mutum ɗaya ne. A shekarar 2003 wani akawu daga jihar Tennessee ta Amurka, mai suna Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa a dandalin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ta nan ya sami kujera a babbar gasar duniya da ake yi a birnin Las Vegas tun 1970, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne. Ya kayar da kowa, ya tashi da dala miliyan biyu da rabi. A shekarar, mutum 839 ne suka shiga gasar. Zuwa 2006 masu shiga sun kai 8,773, kowa yana ganin shi ne na gaba. Sunan Moneymaker kowa ya riƙe. Dubban da suka biya kuɗin shiga suka koma gida hannu rabbana, ba mai ba da labarinsu.

ABIN DA ALLO YA NUNA

Mu ɗauki misali da sidi don sauƙin fahimta. A ce mutum 1,000 sun shiga gasa, kowa ya biya sidi 11. An tara sidi 11,000 ke nan. A irin waɗannan ƙananan gasa, mai dandali yakan cire wajen kashi ɗaya cikin goma a matsayin la'ada tun kafin a raba kati. Saura sidi 10,000. Wannan kuɗi ba kowa ake raba wa ba. Bisa al'ada, wajen kashi 15 cikin 100 na 'yan wasa ake biya, wato mutum 150. Sauran 850 ba su da komai. A cikin 150 ɗin ma, yawancinsu abin da za su samu bai wuce ninki biyu na kuɗin shigarsu ba, domin kaso mai tsoka yana hannun mutum tara ko goma da suka kai teburin ƙarshe.

Daga nan abu uku suka fito. Na farko, ɗan wasa matsakaici, wanda bai fi kowa ba kuma ba a fi shi ba, yana biyan sidi 11 ne don ya sayi abin da darajarsa sidi 10 ce. Duk shiga ɗaya ya bar sidi ɗaya. In ya shiga gasa 500 a shekara, sidi 500 sun tafi la'ada, ko ya ci ko bai ci ba.

Na biyu, jerin asara shi ne ainihin siffar wasan. Idan damar samun wani abu a kowace gasa kashi 15 ce cikin 100, to damar mutum ya shiga gasa goma a jere bai sami ko fesuwa ɗaya ba ta kusa ɗaya cikin biyar. Damar ya yi ashirin a jere kuwa wajen ɗaya ce cikin 26. Wanda yake shiga gasa 500 a shekara, da wuya shekarar ta ƙare bai gamu da irin wannan fari na gasa ashirin ba, galibi ma sau biyu ko uku. Ba sammu aka yi masa ba, ba kuma bakin wata gwaggo ba ne ya kama shi. Haka aka gina abin.

Na uku, babbar kyautar da ake hange tana da nisan gaske. Ɗan wasa matsakaici zai zo na ɗaya a gasar mutum dubu sau ɗaya ne a cikin shiga dubu. In yana shiga uku kowane dare, wata goma sha ɗaya ke nan. Kuma ko ya cika shiga dubun, damar ya gama bai taɓa zuwa na ɗaya ba ta ɗara kashi ɗaya cikin uku.

Masu cewa ai su sun iya, ga nasu lissafin. Kati biyu mafi ƙarfi da ake iya ba mutum su ne masu alamar A guda biyu, kuma sau ɗaya suke zuwa a cikin rabo 221. Idan mai su ya kara da mai sarki biyu, yakan ci wajen sau 82 cikin 100. Wannan rinjaye ne babba. Amma kafin mutum ya kai ƙarshen babbar gasa, tilas ya jefa dukan tsabarsa a tsakiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ce ya yi haka sau biyar da waɗanda suka fi shi tsaba, kuma kowane karo yana da wannan rinjaye na 82. Damar ya tsallake duka biyar ɗin kashi 37 ce kacal cikin 100. Wato ko bai yi kuskure ko ɗaya ba, an fi sa ran a fitar da shi. Gaskiya ne akwai iyawa a wasan, kuma akwai 'yan tsiraru a duniya da suke cin abinci da shi. Sai dai iyawar ba ta bayyana a aljihu sai bayan dubban gasa, kafin nan kuwa aljihun mai ƙaramin ƙarfi ya daɗe da hujewa.

RAMUWA ITA CE RAMIN

Asarar sidi 11 ba ta rusa gida. Abin da yake rusa gida shi ne abin da mutum yake yi bayan asarar ta jeru. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a wani bincike da suka buga a 1979 cewa zafin rasa kuɗi ya fi daɗin samun irinsa ƙarfi a zuciyar mutum, kuma wanda yake cikin asara ya fi saurin yin kasada don ya kuɓuce mata. Daga baya sun ƙiyasta cewa zafin ya kai wajen ninki biyu. Kowane ɗan kasuwa a Kejetia ya san wannan ko bai karanta ba: ɓatan sidi 100 yakan hana barci fiye da yadda ribar sidi 100 take sa murmushi.

Ga yadda abin yake tafiya. Saurayi ya yi gasa goma sha biyar bai ci ba, sidi 165 sun tafi. Sai zuciya ta ce masa ƙananan gasar nan ɓata lokaci ne, ya shiga ta sidi 110, ci ɗaya ya isa ya mayar da komai. A can kuwa waɗanda suka fi shi iyawa ne suke jiran irinsa. Aka cinye shi. Yanzu ido ya rufe, sai ya buɗe tebur uku a lokaci ɗaya, ya shiga zuba kuɗi a kan katin da da rana ba zai ko kalla ba. Ƙarfe biyun dare kuɗin MoMo ya ƙare, sai ya taɓa kuɗin haya, ko balas ɗin mai babur, ko kuɗin adashin da mahaifiyarsa ta ba shi ajiya. An tafi neman ƙiba an samo rama.

Abin da yake ingiza shi wani kuskuren tunani ne da ya daɗe yana cin mutane, wato zaton cewa tun da asara ta yi yawa, lalle ci ya matso. A watan Agusta na 1913, a gidan caca na Monte Carlo, ƙwallon cacar faifai mai juyawa ya faɗa a gidan baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja, suna cewa ai yanzu kam dole ya zo, suka yi asara mai yawa. Faifai bai san abin da ya faru a juyin baya ba. Karta ma haka take. Na'urar da take raba kati ba ta riƙe da lissafin wanda ya sha wuya jiya, balle ta tausaya masa yau. Gasa ta ashirin da ɗaya daidai take da ta farko: kashi 85 cikin 100 za su tashi hannu wofi.

KO MAGUƊI AKE YI?

Idan asara ta daɗe, wasu sukan koma zargin dandalin. Zargin yana da tushe a tarihi. A 2007 an gano cewa wani na cikin gida a dandalin Absolute Poker yana ganin katin abokan wasansa yana cinye su. A 2011, bayan hukumomin Amurka sun rufe manyan dandali uku, masu gabatar da ƙara sun ce 'yan wasa suna bin Full Tilt Poker wajen dala miliyan 390, alhali abin da yake asusunsa wajen miliyan 60 ne, kuma sai da aka shekara ana jira kafin mutane su ga kuɗinsu. Har ila yau, a 2019 wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda masana na Jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka ƙirƙira, ta doke ƙwararrun 'yan foka a tebur mai mutum shida. Saboda haka wanda yake wasa a waya ba shi da tabbacin cewa duk abokan karawarsa mutane ne. Bugu da ƙari, a nan gida akwai Hukumar Kula da Caca wadda dokar 2006 ta kafa, ita take ba da lasisi, dokar kuma ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin caca. Wanda ya zuba kuɗinsa a dandalin ƙetare da ba shi da lasisin hukumar, in aka riƙe masa, ina zai kai ƙara?

Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya. Idan maguɗi ake yi, hankali ya ce a tashi. Idan kuma ba a yi, allo ya riga ya nuna cewa la'ada kaɗai ta isa ta cinye ɗan wasa matsakaici. Duk inda aka bi, hanya ɗaya aka ɓulla.

SHAWARAR 'YAN WASAN KANSU

Ƙwararrun wasan suna da tasu shawarar ga wanda asara ta jeru masa, kuma ya kamata a ji ta. Suna cewa kada mutum ya shiga gasa sai yana da jarin da ya ninka kuɗin shigarta sau ɗari ko fiye, jarin kuma ya zama kuɗin da ko ya ƙone ƙurmus ba zai taɓa abincin gidansa ba. Suna cewa in jari ya ragu a sauka zuwa gasa mai arha, kada a hau. Suna cewa a rubuta kowace shiga da kowace fita, kada a yi wasa cikin fushi ko gajiya, kuma in rai ya ɓaci a rufe a tafi hutu.

To, mu auna wannan da halinmu. Mai shiga gasar sidi 11 yana bukatar sidi 1,100 a gefe, wanda ba na haya ba ne, ba na makarantar yara ba, ba na magani ba, ba kuma wanda wani ɗan'uwa zai zo nema gobe ba. Samari nawa ne a zango suke da irin wannan kuɗi? Wanda yake da shi kuwa, da ya sa shi a sana'a, ko ya biya kuɗin koyon gyaran waya ko ɗinki, da ya san inda kuɗinsa ya shiga. Shawarar ƙwararrun da kanta tana gaya wa mafi yawan yaranmu cewa teburin nan ba nasu ba ne.

ABIN YI GA WANDA YAKE CIKI

Kafin kowane mataki akwai magana ɗaya mai ɗaci da sai an haɗiye ta: kuɗin da ya tafi ya tafi. Ba ajiya ba ne a hannun dandali, ba kuma bashi ba ne da karta za ta biya. Muddin mutum yana kallonsa a matsayin kuɗinsa da zai je ya karɓo, to igiya tana wuyansa. Ranar da ya ce na yafe, ranar ya fara warkewa. Hausawa sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau. Tulun a nan shi ne sana'arsa da mutuncinsa da amanar da mutane suke ba shi.

Na farko, ya tsaya yau, ba sai ya rama ba. Ya ɗaukar wa kansa kwana talatin cur ba tare da ya taɓa ba. Manyan dandali suna da wurin da mutum zai rufe asusunsa da kansa na wani lokaci ko na dindindin, ya yi amfani da shi. Ya goge manhajar daga waya. Akwai kuma manhajoji masu toshe shafukan caca, irin su BetBlocker wadda kyauta ce.

Na biyu, ya ɗauki biro da takarda. Ya bi saƙonnin MoMo na wata uku ko shida, ya tara abin da ya tura da abin da ya dawo, sa'an nan ya rubuta awoyin da ya kashe. Zuciya takan riƙe daren da aka ci sidi 400, ta manta darare arba'in da aka bar goma-goma. Takarda ba ta mantuwa.

Na uku, ya raba kuɗi da waya. Ranar da albashi ko cinikin mako ya shigo, ya fara fitar da na haya da na cefane da na makaranta da na adashi, ya danƙa a hannun matarsa ko mahaifiyarsa ko wani yayansa. Kada dare ya same shi da kuɗi mai yawa a MoMo.

Na huɗu, kada ya ci bashi don ya rama. Musamman ya guji manhajojin ba da rance na waya marasa lasisi, waɗanda Babban Bankin Gana ya yi gargaɗi a kansu har ya fitar da jerin sunayensu a 2023. Irinsu sukan ɗora ruwa mai nauyi, in aka makara kuma su bi lambobin da suke cikin wayar mutum suna tona masa asiri. In kuwa an riga an ci bashin mutane, gara ya je da ƙafarsa ya sami mai kuɗin, ya faɗi gaskiya, su yanka abin da zai riƙa biya duk mako.

Na biyar, ya gaya wa mutum ɗaya da ya yarda da shi. Caca a ɓoye take ƙiba. Aboki na ƙwarai, ko kawu, ko limamin unguwa, ko tsohon malaminsa, duk wanda zai iya tambayarsa bayan kwana biyu, "Yaya, ka koma?" ya wadatar.

Na shida, ya cike gurbin da wasan ya bari. Wanda ya saba kwana yana kallon kati, in ya bari zai ji dare ya yi masa tsawo. Akwai ƙwallon yamma, akwai makarantar dare, akwai dara da dame a majalisa ba tare da an sa kuɗi ba. Yaron da ya iya lissafin damar kati a kansa yana da ƙwaƙwalwar da za ta iya aikin akanta ko koyon kwamfuta.

Na bakwai, ya san lokacin da abin ya wuce shawara. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahu ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta jera ta a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Wanda ya yi ta ƙoƙarin bari ya kasa, ko yake ƙarya don ya ɓoye, ko ya fara taɓa kayan mutane, ya nemi likita. Akwai asibitin Pantang da asibitin ƙwaƙwalwa na Ankara, akwai Ankaful kusa da Cape Coast, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Zuwa can ba hauka ba ne. Wanda kuma baƙin cikin bashi ya kai shi ga tunanin halaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya, a kai shi asibiti nan take.

GA IYAYE DA SHUGABANNI

Mu da muke tsaye gaban aji mukan ga alamun kafin gida ya gani: gyangyaɗi da safe, jajayen idanu, rancen sidi biyar-biyar a wajen abokai, saurin fushi, kuɗin jarrabawa da aka ce ya faɗi a mota. A gida kuma za a ga waya ba ta barin hannu har asuba, ko a wayi gari an jinginar da ita. Idan iyaye suka gano, abin da zuciya take fara kawowa shi ne duka da zagi da tara dangi. Muna roƙo a yi hattara. Yaron da aka tozarta a bainar jama'a yakan ƙudurta cewa hanya ɗaya ce ta rage masa ya wanke kansa, wato ya ci babban kuɗi ya nuna wa kowa. Ka ga an ƙara tura shi ramin ke nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kira shi gefe, a tambayi nawa ne kuma su wa suke bin sa, a ji adadin ba tare da salati da tafa hannu ba. In za a taimaka da biyan bashi, a kai wa mai kuɗin kai tsaye, kada a danƙa wa yaron, kuma a gaya masa sau ɗaya ne.

Limamanmu da sarakunan zango da ƙungiyoyin samari su ma suna da rawar takawa. Wa'azi a kan haramcin caca yana nan daram, amma a haɗa shi da buɗe ƙofa, yadda saurayin da ya afka zai san akwai wanda zai je wa ba tare da labarinsa ya zagaya unguwa ba. Mu kuma malamai, darasin lissafin yiwuwar aukuwar abu yana cikin manhajar karatu. Maimakon misalin ƙwallaye ja da shuɗi a cikin jaka kullum, mu kawo wa ɗalibai misalin mutum 1,000 da sidi 11, su buga da hannunsu su ga inda kuɗin yake tafiya. Yaron da ya fitar da amsar da kansa ya fi wuyar ruɗuwa da talla.

Ga wanda yake karanta wannan alhali yau mako uku ke nan bai ci komai ba, muna cewa: ɗan'uwa, a irin wannan lokaci ne barin ta ya fi sauƙi. Wanda ya ci jiya ba ya jin kira, domin daɗi yana kunnensa. Kai kuwa ka ga fuskar abin a fili, ka ɗanɗana, lissafi kuma ya tabbatar maka cewa abin da ka gani shi ne gaskiyarsa. Rufe asusun tun abin da ka rasa kuɗi ne kawai.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba samarinmu sana'a mai albarka, Ya sa mu dace, amin.